Ranar da Aka Ɗaure Baushe

Tun zakara bai yi cara ba Nomau ya farka a rumfar ƙofar ɗakinsa. Ya laluba idon sawunsa, ya kwance igiyar da ke ɗaure a wurin. Ɗaya bakin igiyar yana wuyan karensa Baushe, wanda ke kwance a kan tsohon buhu yana jan numfashi irin na tsofaffi. Ya miƙe a hankali, ya ɗaura warki, ya rataya burgami, ya soke wuƙa a ƙugu, ya ɗauko barandami. Daga ƙarshe ya jawo adakarsa daga bayan ƙyaure. Bindigar ta daɗe a jingine, har zanzaro ya yi gini a bakinta, sai da ya sa tsinke ya ƙwaƙule.

Bai gama saka takalmi ba karen ya ji babu shi. Ya zabura, ƙafafun baya suka zame, ya tashi da ƙyar yana karkarwa, ya fuskanci danga, ya soma wani siririn kuka mai shiga har cikin haƙori. Nomau ya tsuguna ya kai tafin hannunsa daidai hancinsa. Baushe ya shinshina, ya sake shinshinawa, jelarsa ta ɗan motsa, kukan ya tsaya.

"Ni ne, tsoho. Ina nan."

Matarsa Delu ta fito da ƙwaryar ɗumame da ta dama da romo. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon yadda yake ɗiba da yatsu yana sa wa karen a baki.

"Maigida, har da shi za ku?"

"Har da shi."

"Ko bakin rafi ba ya iya kaiwa."

"Zan ɗauke shi."

Ta ce, "Sarkin Baka ya yi maka alkawari dai, ko?"

"Ya yi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ɗaki.

A zamaninsa Baushe kare ne da ake yi wa kirari a Tungar Marke. Ja ne mai farin ƙirji, dogo, ba ya haushin banza. Ya taɓa tsare gadu shi kaɗai a bakin rami har Nomau ya iso, tabon hauren yana nan a cinyarsa. Rabin karnukan farautar garin jininsa ne. To, shi tsufa bai kama shi ta ƙafa ba, ta kai ya soma. Wata rana ya dawo daga rafi ya wuce ƙofar gidansu, aka same shi tsaye a gonar wani yana kallon kututture. Daga nan sai ya riƙa shiga tsakanin rumbu da danga ya maƙale, ya manta yadda ake ja da baya. Ya ci abinci ya ƙoshi, jim kaɗan ya koma gaban kaskonsa yana kukan yunwa. Da rana ta sunkuya sai ya hau zagaya turmi, ya yi ta zagayawa har ya faɗi. Idanunsa suka yi yana, kunne ya yi nauyi, fitsari yana zubo masa a kwance. Ya manta Delu, ya manta sunansa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, warin Nomau. In ya rasa shi ko na tsawon sallar magariba ne, sai ya yi ta kuka yana karkarwa har maƙwabta su leƙo ta danga suna tsaki.

Saboda shi Nomau ya jingine bindiga. Ya toshe duk lungunan gidan da zana. Ya bar gadonsa ya dawo kwana a rumfa da igiya a ƙafa, don in karen ya farka a firgice ya ja ya ji akwai mutum. Kullum sai ya wanke shi da ruwan ɗumi a bayan gida, sannan ya wanke nasa jikin, ya sauya riga kafin ya tafi masallaci. Mutane suka riƙa cewa Nomau ya yi jariri da tsufansa. Masu ba da shawara suka ce ya kai shi daji ya baro, ko ya sa masa guba a nama, kowa ya huta. Shi dai sai ya ce, "Tare muka sha rana. Ba zan kore shi daga inuwa ba."

A bazarar nan ruwa ya ƙafe a daji, damisa ta sauko gari. Ta fara da awaki, ta ɗauki maraƙi a rugar Fulani, sannan ta kama Tasalla, autar Bagudu Sarkin Baka, shugaban maharban garin, lokacin da ta fita itace da ƙawayenta da hantsi. Nomau na cikin waɗanda suka bi jini, shi ya naɗe abin da aka samu a tabarma. Bagudu bai yi kuka ba, bai kuma sake barci ba. Ya ɗaure akuya a daji, akuyar na jin warin damisa ta yi tsit. Ya ɗaure ƙaramin kare, tunda kowane maharbi ya san babu naman da damisa ke so kamar na kare, shi ma ya lafe a ƙasa ko tari bai yi ba. Damisa ta ƙi zuwa.

Shekaranjiya da yamma Bagudu ya yi sallama a gidan Nomau. Ya iske Nomau ya zagaya bayan gida, Baushe na tsakar gida yana wannan kukan nasa. Sarkin Baka ya tsaya ya saurara da kyau, kamar mai tayin kaya, har Nomau ya fito.

"Nomau, aron karenka na zo."

"Wane aro, Sarki? Ga shi kana gani."

"Ganin ne ya kawo ni. Bai san warin damisa ba yanzu, bai san komai ba. In ka ɓace masa zai yi ta kira har ta zo."

"Ka san abin da kake roƙo kuwa?"

"Na sani. Bindiga biyu ce. Kafin ta taɓa shi mun kwantar da ita. Na yi maka alkawari."

Rana ɗaya aka yi musu kaciya, shi da Bagudu. Nomau ya dubi idanun mutumin, sun yi ja sun faɗa ciki, ya nemi kalmar a'a a bakinsa ya rasa.

Haka suka haɗu a bakin gari, gari bai waye ba. Nomau ya saɓa Baushe a wuya kamar ɗan rago, ƙafafun gaba a hannun dama, na baya a hagu, Bagudu ya riƙe bindigogin biyu ya shige gaba. Karen ba shi da nauyi, ƙashi ne da fata, amma ɗuminsa na ratsa wuyan Nomau, yana jin bugun zuciyarsa a ƙeya. Suka ratsa gonaki da ke shirye suna jiran ruwa, suka shiga sabara da kalgo, suka tsallake ƙoramar da ta bushe ƙayau, yashi na shiga takalmi. Alfijir ya keto suna cikin marke. Suka yi taimama suka yi salla, Baushe na ɗaure a ƙafar Nomau.

Da rana ta fito daji ya soma nuna kansa. Ciyawa ta ƙone ta zama kamar gashin tsohuwa, ƙasa ta tsage. Zabin daji suka watse a gabansu da ƙara. Can nesa burtu na buga gangarsa, gum, gum. Nomau ya sauke karen ya ɗan taka. Iskar daji ta bugi hancin Baushe, ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, kunnuwansa suka miƙe. Nomau ya tsaya yana kallo, don tsayuwar da ya sani ce ta da. Amma ba ta daɗe ba. Karen ya sauke ƙafar, ya juya, ya nufi wani suri ya dafa goshi a jikinsa ya tsaya, yana jiran wani ya zo ya fid da shi. Nomau ya sake saɓa shi, fitsari mai ɗumi ya gangaro masa ta baya, bai tsaya ba.

Bagudu ne ya fara ganin sawu, a wata 'yar hanyar namun daji da ke gangarawa tsakanin duwatsu. Dunƙulalle ne, faɗinsa ya kusa tafin hannun babban mutum, yatsu huɗu, babu alamar farce. Gefensa bai rufta ba, ko ƙwaro bai bi ta kai ba. Gaba kaɗan suka ga inda ta yi kashi ta tona ƙasa da ƙafafun baya, akwai gashin gada a ciki. A jikin wata ƙirya kuma ta wasa farce, ɓawon ya tsattsage sama da kan mutum, ƙaron itacen bai bushe ba. Namiji ne, babba, kuma nan ne gidansa.

Sawun ya kai su wani kwari da duwatsu suka kewaye. A tsakiya akwai ɗan kududdufi, shi kaɗai ya rage da ruwa a duk yankin, ruwan ya yi kore, bakinsa duk sawun barewa da bika. Wata tsohuwar kanya na tsaye a gefe. Bagudu ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa, ya nuna wani tsagin dutse da bai fi jifa ɗaya daga kanyar ba. Suka sari rassan sabara suka rufe bakinsa, suka bar kafa biyu ta bakin bindiga. Suka ɗura albarushi, suka danna tsumma, suka zuba dalma, suka sake dannawa.

Nomau ya kai Baushe gindin kanya. Ya share ƙaya da tsakuwa da hannunsa, ya zuba ruwan gora a tafinsa ya ba shi, karen ya lasa har ya ƙoshi. Ya ɗaura igiyar a jikin itacen, ya gwada ƙullin wuyan da yatsa biyu don kada ya shaƙe shi. Sai ya cire hularsa, tsohuwa mai maiƙon gumi, ya ajiye a gaban hancinsa. Baushe ya ɗora haɓa a kai ya lumshe ido.

Bagudu ya zo ya sunkuya ya zare hular, ya miƙa masa.

"In yana jin warinka ba zai yi kuka ba."

Nomau ya karɓa. Ya juya ya tafi bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya an fasa.

Ba su gama zama a tsagin ba kukan ya tashi. Da fari siriri ne, na tambaya. Sannan ya buɗe, ya bugi duwatsu ya dawo, har kwarin ya zama kamar karnuka da yawa ne ke kiran mutum ɗaya. Ta kafar ganye Nomau na ganin komai. Karen ya ja igiya ya faɗi, ya tashi, ya shinshina inda hular take, ya tona wurin da farce. Sai ya soma zagaya kanyar. Kowane zagaye igiyar na naɗewa tana gajarta, har ta kai kumatunsa sun manne da ɓawon itacen, ba gaba ba baya. A nan ya tsaya, ƙafafu na rawa, yana kuka.

Rana ta take tsaka. Dutsen ya yi zafi kamar tanda, ƙudan zuma na sauka a gumin fuskarsu, ba halin korewa. Muryar Baushe ta dushe, ta koma kamar ana goga ƙarfe a dutse, amma bai daina ba. Harshensa ya zazzago, kumfa ta taru a bakinsa. Ruwa na nan kusa da shi, igiya ta hana. Nomau ya yunƙura zai tashi, Bagudu ya danne masa gwiwa ba tare da ya dube shi ba. Ya koma ya zauna. Ya cusa hular a baki ya cije, yana faɗa wa kansa cewa saura kaɗan, da yamma zai wanke shi, zai dama masa fura mai sanyi, kuma abin da ya fi, gobe karen ba zai tuna ba.

Bayan la'asar gabas ta haɗe. Hadarin farko na shekara ya taso baƙi ƙirin, iska ta tsaya, kwarin ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Aka yi tsawa can nesa, Baushe ya saki zawo a tsaye. Bagudu ya dubi sama, ya rufe kunamar bindigarsa da tafin hannu. In ruwa ya sauko, adaka ta zama sanda.

Sai wani bika ya yi haushi a kan dutse, wahu, sau ɗaya, garken duka suka haye sama. Fakara ta tashi firr daga ciyawa. Daga nan daji ya yi shiru, ban da kukan kare. Can daga bayan duwatsu suka ji wani gurnani mai kama da zarto a busasshen itace, ya zo ya wuce.

Nomau bai ga fitowarta ba. Yana kallon wani falalen dutse babu komai a kai, ya ƙifta ido, sai ga ta kwance a wurin kamar tun safe take. Katon kai, wuya kamar turmi, bakin jela kaɗai ke motsi. Ta daɗe tana kallon karen. Sannan ta zamo ƙasa, ciki na shafar ƙasa, ta tsaya a fili, haƙarƙarinta duka a buɗe. Nomau ya ɗora kumatu a gindin bindiga, ya daidaita bayan kafaɗa, ya kai yatsa.

Hannun Bagudu ya sauka a kan kunamar, babban yatsansa ya shiga tsakani.

"Ba yanzu ba," ya raɗa. "Sai ta kama."

Nomau ya juyo da ido.

"In ka kuskure ta tafi ke nan, ba za ta sake zuwa ba. In ta kama ba ta motsi."

Fuskar Sarkin Baka ba ta nuna kunya ba, ba ta nuna komai ba. Nan Nomau ya gane cewa tun a tsakar gidansa mutumin ya san haka za a yi. Ya fizgi bindiga, Bagudu ya riƙe gam, suna kokawa ba sauti kamar kurame, ganyen sabara na rawa.

Baushe ya ga inuwa na matsowa. Idanunsa masu yana ba su faɗa masa ko ta mece ce ba, hancinsa ma bai faɗa ba. Ya dai ga wani ya zo, bayan dogon kira. Ya yi shiru. Ya miƙa wuya iyakar yadda igiya ta bari, jelarsa ta soma kaɗawa.

Tsalle ɗaya ta yi. Da yake wuyan na manne da itace, sai ta kama shi ta gadon baya. Nomau ya ji ƙarar ƙashi, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Damisa ta danne, ta tsaya cik, kunnuwa a kwance. Sai a lokacin Bagudu ya saki bindigar Nomau, ya ɗaga tasa, ya harba.

Tsagin ya cika da hayaƙi da ƙauri. Dalmar ta shige ta ta ciki, ba ta kai zuciya ba. Ta saki karen, ta yi wata ƙara, ta nufo hayaƙin kai tsaye. Rassan sabara suka watse. Ta faɗa kan Bagudu, ya tare da damtse, ta cafke damtsen, ƙafafunta na baya suna yagar cinyarsa kamar ana yage tsumma. Wurin ya yi ƙunci, ba inda za a ja da baya a auna. Nomau ya danna bakin adaka a haƙarƙarinta har ya ji ƙashi, ya ja. Gashinta ya kama wuta. Ta juyo kansa, hannu ɗaya ta kai masa, fatar goshinsa ta sauko ta rufe masa ido. Ya faɗi da baya, ya laluba ya ji ƙotar barandami, ya kai sara ba ya gani, ya sake kaiwa, ya sake, har ya ji ƙarfen ya nutse ya ƙi fitowa. Nauyinta duka ya sauko masa a ƙirji. Jininta mai zafi ya kwarara masa a wuya, a baki, a hammata, ta yi shure-shure ta saki.

Ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya.

Da ƙyar ya zame daga ƙarƙashinta. Ya mayar da fatar goshinsa ya ɗaure da hula. Bagudu na jingine da dutse, cinyarsa a buɗe har fari na nunawa, jini na bulbulowa. Nomau ya yage rigar mutumin, ya ɗaure saman raunin, ya sa ƙotar wuƙa ya murɗa har jinin ya ragu. Goran albarushi ya fashe a kokawar, garin ya zama baƙin taɓo a ƙasa.

Sannan ya tafi gindin kanya.

Baushe na da rai. Igiyar ta tsinke, yana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya na biye kamar ba nasa ba. Ko a haka zagaye yake yi, ya shata da'ira a cikin laka. Nomau ya durƙusa.

"Ni ne, tsoho. Na zo."

Ya miƙa tafin hannu. Karen ya shinshina, ya ƙanƙame jiki, ya kai cizo da 'yan haƙoran da suka rage masa. Nomau ya dubi hannun, jinin damisa ne har gwiwa. Ya ruga kududdufi ya wanke, ya cuɗa da laka, ya cire rigar ya jefar, ya tsaya ruwan sama ya dake shi, ya dawo ya sake miƙawa. Warin bai fita ba. Ya shiga gashin ƙirjinsa, ya shiga ƙarƙashin farce, ya haɗu da ƙaurin albarushi. Baushe ya ja baya yana gurnani, idanu a waje. Abin da ya karya masa baya ne ya dawo, iyakar abin da hancinsa ya gaya masa ke nan.

Nomau ya ɗaga kai. Ruwa ya soma gudu a tsakanin duwatsu, ja, ɗauke da ganye. Ba da jimawa ba ƙoramar da suka tsallako a bushe za ta cika ta hana wucewa, Bagudu kuwa ba zai kai safe ba a nan. Baya ɗaya gare shi. Ya dubi karen, ya dubi tsagin dutsen inda Bagudu yake. Allah ya sani, ya daɗe yana duban tsagin, kuma abin da ya zo masa a zuciya ba mai kyau ba ne. Sai kura ta yi kuka a bayan tudu, ta ji jini, wata ta amsa mata. In ya bar Baushe da rai, ta ƙafafun da ba sa ji za su fara.

Ya zare wuƙa.

Ya so a ce karen ya kwanta ne a cinyarsa, ya shafa kansa har ya yi barci. Ba haka aka yi ba. Sai da ya danne shi da gwiwa, ya riƙe bakin da hannu ɗaya, Baushe na fizga da duk ƙarfin da ya rage masa, farcensa na karce cinyar Nomau. Bakin ya kuɓuce, karen ya juya kai, ba wajen mai wuƙar ba, wajen hanyar da Nomau ya bi ya tafi da rana, ya saki siririn kukan nan na kira. Nomau yake kira ya zo ya cece shi daga wannan baƙon. Yana cikin kiran wuƙar ta wuce.

Nomau ya zauna a laka har jikin ya daina motsi. Ya ɗauke shi, ya hau kanyar da ƙyar, ya kwantar da shi a wani reshe mai rassa biyu inda kura ba ta kaiwa, ya ɗaure da guntuwar igiyar. Ya sauko, ya yanke jelar damisa ya cusa a burgami, ya soke bindigogin a tsagin dutse. Ya juya wa Bagudu baya ya tsuguna.

"Hau."

Sarkin Baka mutum ne mai jiki. Nomau na tafe yana zamewa, jini da ruwa na shiga masa ido, walƙiya ce ke nuna masa hanya. Da suka iso ƙorama ta kawo ƙugu, tana tafe da itatuwa. Ya shiga a karkace, yashi na gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, wani kututture ya buge shi a haƙarƙari ya durƙusa, ruwa ya rufe su duka biyu. Ya taso yana tari, ya cafki saiwar geza, ya ja su suka fita. Suna hawa gaɓa ya ji ƙugin babban ruwan ya iso bayansu.

Sun yi nisa cikin kalgo kafin Bagudu ya yi magana, bakinsa a kunnen Nomau, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba zan ce ka yafe mini ba. Ko gobe aka sake, haka zan yi."

"Na sani."

"To me ya sa ka ɗauko ni?"

Nomau ya gyara shi a baya. "Riƙe wuyana da kyau, kana zamewa."

Ana kiran isha suka shigo Tungar Marke, ruwa ya tsagaita. Mutane suka fito da fitilu. Aka sauke Bagudu a zaurensa, aka aika a kira wanzami da mai ɗori. Nomau ya zaro jelar ya jefa a ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa, uwar Tasalla ta ɗauki jelar ta yi ta maka ta da ƙasa tana kiran sunan ɗiyarta har aka riƙe ta. Maroƙi ya soma kirarin Sarkin Baka da na Nomau. Aka yi ta tambaya, ina aka same ta, harbi nawa, namiji ne ko mace, wa zai je ɗauko fata. Babu wanda ya tambayi karen, sai wani maƙwabcin Nomau da ya leƙa bayansa, ya ga wayam, ya yi dariya ya ce, "To madalla. Yau unguwa ta huta biyu." Wasu suka taya shi.

Nomau ya ratsa su ya tafi gida. Delu ta ɗinke masa goshi da zare da allura.

Washegari samari suka taru da igiyoyi da wuƙaƙen fiɗa za su ɗauko damisa, suka zo ya nuna musu hanya. Suka iske ya riga su fita. Delu ta ce tun asuba ya tafi, kuma ba makami a hannunsa, dagin haƙa rami kawai ya saɓa.